Willet Huɗu, Me Kika Ji?

Kwarin Willet, Idaho
Farkon Oktoba, 2012

Orrin, mijina,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kuma kana samun abinci mai zafi, ba busasshen nama da kofi kaɗai ba. Mu nan lafiya lau. Babanka ya fara riƙe cokali da hannun da ya shanye, ko da yake rabin miyar a rigarsa take ƙarewa. Magana ce dai ba ta dawo ba. Kalma biyu suka rage masa, "a'a" da waccan ta zagi da ka sani, kuma da su yake gudanar da gidan nan kaf. Dawakai lafiya. Xabier Aldecoa ya sauko daga can saman kwari ya kawo mana itace. Matarsa Maite cikinta ya fito sosai, ta ce Fabrairu suke sa rai.

Masu gyaran waya sun zo, sun kalli turakun da gobarar daji ta cinye, suka ce sai watan Mayu. Ta hannu kuwa ka san a kwarin nan agogo ce kawai. Saboda haka ga ni da biro da takarda kamar matan da ke cikin littattafaina, waɗanda mazansu ke tafiya teku. Bambancin kawai su suna da taga mai kallon ruwa, ni tawa bangon dutse take kallo, dama da hagu.

Amma ina da abin da ba su da shi. Kullum ƙarfe shida na yamma nakan ɗora oba-oban Baba, na zamanin da yake aikin kwana-kwana, a kan teburin girki, mu zauna mu biyu kamar masu jiran baƙo. Noreen mai karɓar kira ta buga ƙararrawar gwaji, ta karanta abin nan nata da ba ya canzawa: "Gwaji ne, gwaji ne. Hayaƙi a rumbun ciyawa, titin Makaranta, gida na ƙarshe kafin gada." Shekara da shekaru rumbun nan yana hayaƙi bai ƙone ba. Sai a yi shiru. Sai in ji ƙas, ƙas. Na san an hana hirar gida a rediyon 'yan kwana-kwana, na san danna maɓalli sau biyu ba magana ba ce. Amma ni a wurina wasiƙa ce cikakkiya: kana raye, ka sauko daga turken rediyo lafiya, ka tuna da ni. Baba ma ya gane. In ya ji, sai ya buga tebur sau biyu da lafiyayyen hannunsa.

Ga labari. Misis Pardee ta ɗakin karatu na Dunmore ta aiko Dottie mai kawo wasiƙu da saƙo: aikin nan yana nan, za ta riƙe mini shi har farkon Janairu. Ka ji? Ni, a tsakiyar littattafai, safe zuwa yamma, da mutane masu shigowa su ce sannu! Kai ka dawo ranar ɗaya ga Janairu kamar yadda ka yi alkawari, ka karɓi Baba da dawakai, ni in riƙa sauka gari da safe ina dawowa da yamma. Har na goge rigar da zan sa ranar farko, na rataye a bayan ƙofa.

Sai dai ka sake yi mini bayanin aikin nan naka. Dottie ta tambaye ni me ya ɗauke ango daga amaryarsa wata biyar da biki, na ce gwamnati ce ta ce a matse rediyo. Ta ce, "A matse? Lemo ne?"

Taka har kullum,
Brenna

*

Masaukin direbobi, Dunmore
Tsakiyar Oktoba

Bren,

Na gode da wasiƙa. Ina lafiya, ban da yatsuna da sanyi ya fasa. Ki gaishe da Baba, ki ce masa na ce ya rage zagi, ya ƙara cin abinci.

Ki faɗa wa Dottie haka. Kowace rediyo tana da hanyarta a iska, kamar titi. Masu magana sun yi yawa, tituna sun ƙare. Sai hukumar tarayya ta ce duk wanda ke da titi mai faɗi ya rage shi zuwa rabi, don a samu wurin shimfiɗa wasu. 'Yan sanda, 'yan kwana-kwana, motar asibiti, har masu share ƙanƙara, kowa da kowa, kafin ɗaya ga Janairu. Aikina in hau kowane turke a gundumomi uku in matse na'urar da ke kai, in bi kowace mota in matse tata. Ba Asabar ba Lahadi, don muna tsere da ƙanƙara kafin ta rufe hanyoyin dutse. Shi ya sa ban leƙo ba.

Wasu gundumomin sun ga ba za su gama ba, sun rubuta suna roƙon a ɗaga musu ƙafa. Ana yarda, in ka nuna cewa matsewar za ta bar mutane ba mai jin su. Amma maigidanmu Haldane ya ce shi ba ya roƙo. Jiya ya ce mana, "Wanda ya sake ambaton ɗaga ƙafa a gabana, ni zan ɗaga tawa in sauke a bayansa." Don haka ki kwantar da hankali. Janairu Janairu ce.

Ya fara zargin ƙas-ƙas ɗin ma. Ya ce, "Wane ɗan banza ne ke zama a kan rediyonsa kullum ƙarfe shida?" Na ce wataƙila ɓera ne a turken Dutsen Hagan. Ya ce, "Ɓeran nan ya yi aure kwanan nan, ko?"

Na ji daɗin maganar Misis Pardee. Sai dai ina tsoron kada ki karanta littattafan duka ki hana mutane ara. Mutumin nan na cikin wanda kike karantawa lokacin da na tafi, mai doki da tabo a fuska, ya dawo ko har yanzu tana jiransa a bakin taga?

Naki,
Orrin

*

Kwarin Willet
Tsakiyar Nuwamba

Orrin,

Ina gaishe ka. Ina fata kana lafiya, ko da yake ba ni da hanyar sani. Baba yana tari kaɗan. Ni ƙalau nake, in mutum yana iya zama ƙalau bai ji muryar da ke haɗa jimla ba sai ranar da Dottie ta zo.

Ƙanƙarar farko ta sauka, ta rufe hanya har kwanaki. Rana tana leƙo mana da hantsi, kafin la'asar ta faɗa bayan dutse. Ba zan iya barin Baba in je ko gidan su Maite ba, don ranar da na gwada zuwa garke na daɗe, na dawo na tarar da shi a ƙasa kusa da murhu, yana zagin kujera. Daga gado zuwa murhu, daga murhu zuwa garke, daga garke zuwa taga. Iyakar duniyata ke nan.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Na ga ka daina dannawa.

Tun farkon watan nan babu ƙas, babu ƙas. Muryar Noreen ma da ƙyar take zuwa, kamar daga ƙasan rijiya, na ce iska ce. Amma iska ba ta zaɓe, ta bar nata ta ɗauke naka. Na canza batir. Na kai oba-oban bakin taga, na hau kujera na ɗaga shi sama kamar mahaukaciya. Baba yana ta nuna shi da yatsa yana "a'a, a'a," yana buga shi a tebur. Na ce, "Na sani, Baba, ɗanka ya manta da mu." Ya kalle ni ya faɗi ɗaya kalmar.

Da farko na ce faɗowa ka yi. A zuciyata na ga motar sherif, shugaban 'yan sandan gunduma, tana hawowa, na ga kaina a bakin ƙofa da tawul a hannu, har na zaɓi waƙar da za a yi a coci. Da Dottie ta samu hanya ta iso, tun daga mota na tare ta. Ta ce, "Wane faɗowa? Shekaranjiya na gan shi a gidan abincin Dunmore ya tasa faranti biyu a gaba, yana dariya har da buga cinya." Na ce da wa? Ta ce, "Da wa kuwa, da waɗancan ƙazaman abokan aikinsa. Ke yarinya, littattafan nan za su kashe ki. Karɓi, ga wasu uku daga Misis Pardee."

Da ma ta ce mini ka karye ƙafa, da na fi samun barci. Mutumin da ya karye yana da dalili. Wanda ke dariya da faranti biyu gajiya ya yi. Na sake karanta wasiƙarka, inda ka tambaya ko tana nan tana jiransa a bakin taga. Da na ɗauka wasa ne. Yanzu ina ganin dariya kake yi wa masu jira.

In Haldane ne ya hana ka, faɗa mini. In kai ne ka ga abin yarinta ne, shi ma faɗa mini. Danna maɓalli sau biyu ne fa, Orrin. Ba zobe na roƙa ba.

Matarka,
Brenna

*

Dunmore
Ƙarshen Nuwamba

Bren,

Ina lafiya. Allah ya sa tarin Baba ya sauka. Karanta wannan a zaune.

Ban daina ba. Ko yamma ɗaya ban tsallake ba. Akwai ranar da na danna ina rataye a turke, safar hannu a bakina.

Farkon watan nan muka matse turken Dutsen Hagan, wanda ke kai magana kwarinmu. Ban faɗa miki ba don ban ga abin faɗa ba. Taswirar da kwamfuta ta zana ta shafa wa Willet kore tun daga gada har gidan su Xabier, wato ana ji. Kuma ba wanda ya yi ƙorafi. To wa zai yi? Mu nan in rediyo ta yi shiru cewa muke yi lafiya ce, ba gobara, ba haɗari. Ashe ku biyar ɗin gidajen nan kun yi makonni a cikin rami, ba mai jin ku, ba ku jin kowa. Abin da Baba yake ta faɗa miki ke nan. Da na gama karanta wasiƙarki sai da na fita waje na tsaya a cikin sanyi. Ranar da ya faɗi kusa da murhu, da kin kira, ba wanda zai amsa.

Na mayar da turken yadda yake a daren, ban nemi izini ba. Na tabbata kin ji ni tun daga lokacin.

Da safe na sami Haldane. Ya ce, "Wato in rubuta wa hukuma in ce matar Orrin ta yi fushi?" Na ce ba fushi ba ne, ba ta ji ba ne. Ya ce, "Tawa matar ma shekara talatin ba ta ji na, ban nemi ɗaga ƙafa ba." Amma na ga fuskarsa ta canza. A ƙarshe ya ce a yi gwaji na ƙa'ida, yadda aka saba yi tun zamanin Baba: ɗan sa-kai na kowane kwari ya zauna da oba-obansa a gida, ya faɗi abin da ya ji. Na Willet shi ne Baba, wanda ake kira Willet Huɗu a rediyo. Tunda ba ya magana, ke ce.

Ranar Asabar ta biyu a Disamba, da rana tsaka. Zan matse turken, Noreen ta karanta gwaji, in buɗe shi, ta tambaye ki. Na roƙe ta ta karanta wani abu dabam, ta ce rumbunta ya fi ni shekaru a aikin nan, ba za ta canza shi don wani yaro ba.

Ga yadda abin yake. In kin ji, Haldane ya sa hannu, an gama, ina gida ranar ɗaya ga Janairu. In ba ki ji ba, gunduma za ta roƙi a ɗaga mata ƙafa, a bar Hagan da faɗinsa har a kafa sabon ƙaramin turke a kan tudun da ke bayan gidan su Xabier. Ba a haƙa wurin sai ƙanƙara ta narke. Kuma in Hagan bai matsu ba, duk motocin da muka riga muka matse sai an sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Mu biyu ne kacal masu hawa turke, ɗayan kuma ya ba da sanarwar barin aiki. Kin gane abin da nake nufi.

Ba zan faɗa miki abin da za ki ce ba.

Ba dariya nake yi wa masu jira ba, Bren. Ban iya rubutu ba ne kawai.

Naki,
Orrin

*

Kwarin Willet
Farkon Disamba

Orrin,

Ina gaishe ka. Tarin Baba ya sauka. Na ji ƙas-ƙas ɗinka ya dawo, na yi kuka a kan tukunyar wake, na ji kunyar wasiƙar da na aika. Ka ƙone ta.

Amma wannan ta yanzu kada ka ƙone, don ina nufin kowace kalma. Ba ka kyauta mini ba. "Ba zan faɗa miki abin da za ki ce ba." Ai ka faɗa. Ka jera mini gidaje biyar, ka tuna mini Baba a ƙasa, sannan ka wanke hannu ka koma gefe. Akwai maza masu albashi, masu taswira da kwamfuta da motoci masu fitila a ka, amma duk aka rasa wanda zai ɗauki wannan kaya sai ni, da ban fi wata takwas a kwarin nan ba, da ba a ma tambaye ni ko ina son zama a cikinsa ba.

Kuma ka san na haddace rumbun Noreen. Ka sani sarai, shi ya sa ka ambata. Ko a barci ka tashe ni zan karanta maka shi har gada. Jiya ina wanke kwanoni na ji bakina yana gwadawa, da irin muryar nan ta mai gaskiya.

Misis Pardee ta aiko cewa tana son amsa kafin Kirsimeti, don 'yar ƙanwarta ma tana nema. Rigar tana nan a bayan ƙofa. Duk lokacin da na rufe ƙofar sai ta yi motsi kamar mutum zai fita.

Wa ya sani, wataƙila ranar iska ta yi kyau in ji da gaske. Ka yi addu'ar haka. Ni ita nake yi.

Brenna

*

Kwarin Willet
Asabar, bayan gwaji

Orrin,

Ina fata ka sauko daga Hagan lafiya. Mu lafiya. Ka ji abin da na ce, duk gunduma ta ji. Amma ba ka ga ɗakin ba, kuma ina so ka gani.

Tun safe Baba ya sa na ɗauko masa tsohuwar hularsa ta shugaban 'yan kwana-kwana. Ya sa ta a kan rigar barci, ya zauna a tebur. Rana ta fito tas, ba iska ko kaɗan, na ce to, Allah ya amsa. Na goge oba-oban da gefen riga kamar hakan zai taimaka.

Noreen ta ce, "Dukkan kwaruruka, ku saurara, za a matse Hagan." Sai muryarta ta nutse. Shuuu. Na manna kunne har ƙarfen ya yi mini sanyi. Na ji wani abu mai kama da mutum yana magana a ɗakin maƙwabta, bakinsa cike da burodi. Can ƙarshe na ji "gada." Ko kuma ni ce na sa ta a wurin, don na san nan take. Har yanzu ban tabbata ba.

Sai ka buɗe, muryarta ta dawo garau kamar tana tsaye a kicin. Ta fara kira. Kwarin Sayer ya karanta mata rumbunta daidai. Na bakin tafki ya karanta, har ya ƙara da cewa, "Noreen, don Allah a kashe wutar nan haka, ciyawa ta yi tsada." Aka yi dariya. Ina jin ana matsowa kusa da ni.

A littattafai, a nan ne ake ba mace shafi guda ta yi tunani. Ni ko numfashi biyu ban samu ba. "Willet Huɗu, me kika ji?"

Na kalli Baba. Na ɗauka zai zuba mini ido, ko ya ce "a'a" ɗinsa, in samu wanda zan ɗora wa laifi. Ka san abin da ya yi? Ya juya kujerarsa ya kalli taga. Ya ba ni baya, Orrin, don in yi abin da na ga dama ba mai kallo. Ni ma sai na bi idonsa. Babu komai a wurin sai hayaƙin murhun su Maite yana tashi can sama, siriri, a miƙe.

Na danna. Kalmar "hayaƙi" tana kan harshena, na ji ɗanɗanonta. Na ce, "Willet Huɗu. Ban ji komai ba."

Noreen ta ce, "Sake faɗa, 'yata." Ina jin ta san me take ba ni. Dama ta biyu ce, a gaban kowa. Na ce, "Ban ji ba. Shuuu kawai."

Sai wata murya ta ce, "Hagan, an ji." Muryarka. Tun Satumba rabona da ita, kuma abin da na samu ke nan, kalma uku na aiki, rabin gunduma na saurare. Ta shaƙe kaɗan a ƙarshe. Ko mura kake yi?

Na ajiye oba-oban. Baba ya juyo, ya cire hular, ya ɗora ta a gabana a kan tebur. Sannan ya faɗi kalmar zagin nan tasa, a hankali, da taushi, yadda ake cewa sannu ga mara lafiya. Na ce, "Haka ne, Baba." Na tashi na ba dawakai ciyawa.

Kada ka rubuto ka ce kana alfahari da ni. In ka rubuta haka zan jefa wasiƙar a murhu. Ban ji na yi wani abin kirki ba. Ji nake kamar na kulle ƙofa da hannuna na miƙa mabuɗin ta taga.

Na ba Dottie amsar Misis Pardee.

Matarka,
Brenna

*

Dunmore
Tsakiyar Janairu, 2013

Bren,

Ina lafiya. Ba mura ba ce.

Amsa ta zo daga hukuma. Sun ɗaga mana ƙafa har ƙarshen Agusta. Haldane da kansa ya rubuta roƙon, ya yi kwana biyu yana gogewa yana zagi. A ciki ya sa cewa ɗan sa-kai na Kwarin Willet ya tabbatar ba a ji. Da takardar ta iso aka sayo kek a ofis, sherif ya yi jawabi. Na ci yanka ɗaya don kada a ce wani abu, na fita.

Kwana biyun da na yi a gida da Kirsimeti sun fi rashin zuwa wuya. Na ga ba rigar a bayan ƙofa. Ban tambaya ba don ban san yadda ake tambaya ba.

Na nemi wanda zai zauna da Baba ko da rana biyu a mako. Matar fasto ta ce sai hanya ta gyaru. Ina ci gaba da nema.

Ba zan rubuta abin da kika hana ni ba. Amma ba ki hana ni tunaninsa ba.

Naki,
Orrin

*

Kwarin Willet
Ƙarshen Fabrairu

Orrin, mijina,

Gaisuwa. Ina fata yatsunka sun warke. Baba lafiya, ya samu kalma ta uku. "Bren." Da ita yake kiran ruwa, da bargo, da tashi, da kwanciya, don haka kada ka taya ni murna tukuna.

Maite ta haihu, mace. Tun sauran mako biyu Xabier ya kai ta gidan 'yar'uwarta a Dunmore, ta haihu a asibiti cikin kwanciyar hankali, ba wanda ya taɓa rediyo. Ka ga abin? Na yi ta jira wani abu ya faru. Ba fatan sharri nake ba, amma a littafi da tuni bututun hayaƙin wani ya kama wuta, na kira, an zo, kowa ya ce da ba don Brenna ba. Nan kuwa ba gobara, ba haɗari, ba wanda ya ko yanke yatsa. Gidaje biyar suna barci lafiya, ba su ma san akwai abin da aka saya musu ba. Xabier ya ce mini, "An ce ke kika hana a taɓa rediyonmu? Madalla, da ma ni ba na son sabon abu." Ya ba ni cuku.

Dottie ta ce 'yar ƙanwar Misis Pardee ta fara aiki, wai ba ta ma son karatu, wayarta take dannawa a bayan kanta. Na ce Dottie ta daina kawo mini irin wannan labari. Ta ce, "To me zan kawo miki, takardar kuɗin wuta?"

Noreen yanzu in ta gama gwajin yamma takan ce, "Willet Huɗu, kina nan?" Ba a cikin ƙa'ida yake ba, kuma ba ta yi wa sauran. Nakan ce, "Ina nan." Ina zan je?

Daga tagar kicin ana ganin tudun da za ku kafa turken. Fari fat yake har yanzu. Kullum da safe nakan duba ko wani baƙin dutse ya leƙo. Jiya na ga ɗaya, na kira Baba ya gani, sai ya tashi sama. Hankaka ne.

Ka tambaye ni tun Oktoba ko mai doki da tabo a fuska ya dawo. Ya dawo, a shafi na ƙarshe, kamar kullum. Abin da ban taɓa lura ba sai yanzu, duk jiran da ta yi layi ɗaya aka ba shi: "Watanni suka shuɗe." Wanda ya rubuta haka bai taɓa zama a cikin layin ba.

In ka shiga ɗakin karatu, ka ce wa yarinyar ta ba ka littafin da ya fi kowanne kauri. Ba ruwana da labarin. Ya dai kai ni Agusta.

Shida ta kusa. Baba ya fara buga tebur. Ina jin ka garau yanzu, kamar kana bayan ƙofa. Bari in ajiye biro in ƙara murya.

Taka,
Brenna